Kemistiri a zauren gidanmu: littafin aikin Asabar

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau na share zaure. Tun rasuwar Baba babu abin da ake yi da shi sai ajiyar buhunan gawayi da wani tsohon keke marar sarƙa. Na fitar da su, na sa kafinta ya ɗora katako biyu a kan bulo suka zama tebur, na kuma aro benci biyu a makarantar allon maƙwabta da sharaɗin in mayar kafin la'asar. Kafinta ya karɓi naira 3,500.

Shekara ta shida ke nan ina koyar da kemistiri a wata ƙaramar makarantar kuɗi a nan Jos. Ɗakin gwajinmu kabad ɗaya ne, ba a buɗe shi sai jarrabawar WAEC ta ƙarato. Makon jiya na tambayi 'yan SS2 mene ne asid, suka rero mini ma'anarsa da Turanci baki ɗaya kamar masu karatun ƙasida. Sai na ce to, idan miyar yakuwa ta yi tsami da yawa, me iyayenku mata ke sa mata? Duk suka ce kanwa. Na ce don me? Aji ya yi tsit. Wannan shirun ne ya sa ni share zaure.

Shiri: kowace Asabar daga ƙarfe goma zuwa azahar, yara tara na unguwa, mata biyar maza huɗu, kyauta. Na ware naira 40,000. Abu biyu nake so mu fita da su: kayan gwaji da za su shiga kwali ɗaya, da akwatin duwatsun Jos, kowane dutse da sunansa a jikinsa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Sayayya a wajen Taminus bayan an tashi makaranta. Ma'aunin zafi 4,000, ƙaramin sikelin kicin mai batir 9,500, silinda ta roba mai awon mililita 100 a 3,500, bututun gwaji shida 3,000, sirinji biyar a kemis 1,000. Saura 15,500, ko aiki ba a fara ba. Sikelin ne ya ci kuɗin, amma ban ga yadda za a yi kemistiri babu awo ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ranar farko, kuma na fara da jin kunya.

Na dafa zoɓo tun daren jiya, babu sukari babu citta, don ya zama mana abin gane asid da alkali. Launin zoɓo yana canzawa gwargwadon abin da ya tarar: ja a cikin abu mai tsami, kore a cikin alkali. Na jera kofuna: ruwan lemun tsami, ruwan tsamiya, ruwan rijiya, jiƙaƙƙiyar kanwa, ruwan toka da na tace da tsumma, ruwan sabulun wanki. Na cika bututu rabi da zoɓo, na ɗiga kanwa, ina cewa ku zuba ido. Suka zuba. Babu abin da ya faru. Na ƙara ɗigo biyar, zoɓo yana nan jajir abinsa. Wani yaro a bencin baya ya ce, “Malam, ko sai an sa sukari?” Aka kwashe da dariya.

Laifina ne. Zoɓo shi kansa asid ne, ai tsaminsa ke nan, kuma na dafa shi da kauri kamar na sayarwa. 'Yar kanwar da nake ɗigawa tana ƙarewa ne wajen kashe tsamin zoɓon. Sai muka juya abin: abin da za a gwada shi ne zai cika bututu, zoɓo kuwa ɗigo uku kacal. Nan take ruwan toka ya koma kore shar, kanwa ta ba da kore mai duhu, lemun tsami ya yi ja mai haske. Wata yarinya 'yar SS1, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta ɗauki bututun kanwar ta dinga ɗiga masa lemun tsami har ya yi kumfa ya dawo ja. Ta ɗago ta ce, “Malam, abin da ake yi wa yakuwa ke nan, amma a juye.” Na ce rubuta shi haka a littafinki, sannan ki rubuta na Turancin a ƙasa.

Kalmar alkali ta jawo surutu, kowa na tambaya ko na kotu. Duka biyun daga Larabci suka zo amma ba tushensu ɗaya ba: na kotu daga al-ƙadi, wato mai hukunci, na kemistiri kuwa daga kalmar da Larabawa ke kiran tokar tsirrai. Wato ruwan tokar da ke gabanmu shi ne ma mai sunan.

Kafin a tashi mun jiƙa farar takarda a zoɓo mun shanya, mun yanka siri-siri. Kowa ya tafi da goma ya gwada abin da ya samu a gida. Kashe kuɗi: 1,500.

Asabar, 18 ga Oktoba

Sakamakon takardun gida: nono ja, fura ja kaɗan, man goge baki ya ɗan yi kore, ruwan batirin mota ja sosai. Na yi wa mai batirin faɗa, don wannan asid ɗin yana cin fata da tufafi. Daga yau ba a taɓa abin da ban ambata ba.

Sai muka ɗora ruwa a risho don gwada ma'aunin zafi. Kowa ya haddace cewa ruwa yana tafasa a digiri 100. Ya tafasa, yana ta ɓararraka, ma'auni ya tsaya a 96. Muka ƙara wuta, 96. Muka jira minti biyar, 96. Na ce wa yara an sayar mini da jabu, ranar Litinin zan mayar.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na rubuta wannan don kada in manta da wautata.

Na je shagon da fushina. Mai shago ya ce kayansa ba jabu ba ne, na ce ni malamin kemistiri ne, na san abin da nake faɗa. Mutumin kirki, bai biye mini ba, ya ɗauko wani sabo ya ce in je in gwada, in ya yi daidai in riƙe. Na dawo gida na ɗora ruwa. 96.

Ina tsaye a kicin da ma'auni biyu a hannu sai abin ya faɗo mini. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku. Iskar da ke danne fuskar ruwa a nan ba ta kai nauyin ta Legas ba, saboda haka tururi ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya ɓalle. Kusan duk hawan mita 300 yana rage digiri ɗaya. Mita 1,200, digiri huɗu. Ɗari ba huɗu. Wannan darasi ni da bakina na koyar da shi ya fi sau biyar a allo, ban taɓa tsoma ma'auni a tukunyar garin da aka haife ni ba.

Don in tabbatar, na sayi ƙanƙara na farfasa a kofi da ruwa kaɗan, na tsoma duka biyun. Sifili, sifili. Narkewar ƙanƙara ba ta damu da tudu ba, ita ce ta wanke mai shago.

Maiɗakina, wadda 'yar Yola ce, tana kallona tana yankan alayyafo. Ta ce, “Ai tun da aka kawo ni garin nan nake ce maka wake ya fi daɗewa a wuta, kana cewa ƙorafi ne.” Na ce wataƙila irin waken ne. Ta ce wataƙila.

Gobe zan mayar da na biyun in ba da haƙuri. Kuɗin keke Napep zuwa da dawowa sau biyu da ƙanƙara, 800, duk a kan rashin tunani.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na faɗa wa yara gaskiyar abin da ya faru, suka ji daɗi fiye da yadda ya kamata. Na ba su lissafi: in dutsen Shere ya haura mita 1,800, a nawa shayi zai tafasa a samansa? Bakwai sun samu 94.

Mun haɗa gwajin tsatsa. Kwalba huɗu, ƙusa ɗaiɗai: ruwan rijiya, ruwan gishiri, tafasasshen ruwa da aka rufe fuskarsa da man gyaɗa don kada iska ta koma, sai busasshiyar kwalba da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ƙusa 500.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ba a yi aji ba, ɗaurin aure a Bukuru. Na leƙa kwalabe da dare, ko ɗaya ba ta yi tsatsa ba, har ta gishirin.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ƙusar rufin kwano yaron shago ya ba ni, mai hula, wadda aka shafe da zinki. Shi ya sa. Na sayo ƙusar katako ta 400, na goge da sanfefa har ta yi ƙyalli, na sake zubawa. Tsofaffin ma na bar su a gefe, za su yi amfani.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yanzu kam ya yi. Ta gishiri ta fi kowa lalacewa, ruwanta ya koma kamar kunun kanwa da aka zuba wa jar ƙasa. Ta rijiya ta bi baya. Ta ƙarƙashin mai da ta busasshiyar kwalba suna nan fes. Yaran da kansu suka fitar da hukuncin: sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu ƙarfe ke tsatsa, gishiri kuma ɗan zuga ne.

Kuskuren ƙusar rufin ya ba ni ƙofar da ban shirya ba. Na kawo guntun kwanon rufi da gwangwanin madara, muka karce kowanne da ƙusa har ƙarfen ciki ya bayyana, muka jiƙa muka ajiye. Dukkansu ƙarfe ne da aka yi wa riga: kwano rigar zinki, gwangwani rigar kuza. Bambancin shi ne zinki ya fi ƙarfe saurin shiga hulɗa, saboda haka ko an karce shi ne zai ci gaba da cinyewa ya bar ƙarfen lafiya. Kuza kuwa ta fi ƙarfe sanyin hali, tana kare shi ne muddin rigar ba ta yage ba. Tana yagewa, tsatsa ta samu wuri, har ta fi sauri.

Da na ambaci kuza na tambaye su wa ya taɓa ganinta. Yara tara, haifaffun garin da kuza ta kafa, babu ko ɗaya. Sun san lambarta 50 a jadawalin sinadarai, sun san alamarta Sn. Zan je wajen Kawu.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Kawu ya haura saba'in, da ƙuruciyarsa ya yi leburancin kuza a wajen Bukuru, daga ɗaukar kwanon sarki har ya zama mai wanki. Na same shi a ƙofar gida yana shan hantsi da rigar sanyi biyu. Da na faɗa masa buƙatata ya yi dariya ya ce, “Kai ɗan nan, duk bokon naka sai ka dawo wajen lebura?” Na ce Kawu ai ku ne littafin. Ya ce zai zo, amma in tanadi ƙwarya, ba roba ba, da baho cike da ruwa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Wannan ce ranar da ta fi kowace zuwa yanzu, kuma ban yi magana ta minti goma ba.

Kawu ya zo da wani tsohon gwangwanin taba cike da baƙin yashi da ya ajiye tun shekaru. Ya sa aka ɗebo yashin gini rabin ƙwarya, ya barbaɗa baƙin a ciki ya cakuɗa har ya ɓace. Ya tsuguna gaban baho, ya naɗe hannun riga, ya nutsa ƙwaryar. Ba girgizawa yake yi ba, juyi ne a hankali, yana ɗan karkata bakinta, ruwa na zagayawa yana kwashe farin yashi yana zubarwa ta gefe. Lokaci-lokaci sai ya buga gindin ƙwaryar da tafin hannu sau biyu. Yatsunsa sun kumbura da tsufa amma ƙwaryar ba ta yi rawa ba. Bayan kamar minti huɗu ya ɗago ta: a ƙasa ga baƙin yashin nan ya taru wuri ɗaya kamar jinjirin wata. Yara suka yi kabbara.

Duk suka gwada. Duk suka zubar da kuzar cikin baho. Ya ce wa wani yaro, “Jikana, kana yi kamar kana rige da wani. Ruwan ne ke aikin, kai riƙe masa ƙwarya kawai.” 'Yan matan sun fi kusa da samu, suka ce ai kamar rairayar shinkafa ce a fitar da tsakuwa, sai dai a nan tsakuwar ake so.

Daga nan na shigo da sikeli. Farin yashi yawancinsa kwaz ne, kowace mililita ɗaya tana da nauyin giram 2.65. Dutsen kuza, wanda littafi ke kira kasitarait, wato kuza haɗe da oksijin, yana kai kusan giram 7. Wannan tazarar ce duk sirrin ƙwarya. Muka busar da na Kawu, muka auna giram 35, muka zuba a silinda mai ruwa mililita 50. Ruwa ya hau zuwa 56. Talatin da biyar a raba shida, 5.8. Bai kai 7 ba. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce ai ba zalla ba ce, akwai baƙin banza a ciki. Na ciro maganaɗisun tsohuwar sifika, na naɗe a leda na bi ta kan yashin, wasu baƙaƙen ƙwayoyi suka yi tsalle suka manne: ma'adinin ƙarfe ne, ba kuza ba. Kuza ba ta bin maganaɗisu.

Ya ba su labari kuma. Ya ce akwai wani baƙin da a da ake zubarwa, daga baya Turawa suka dawo suna nemansa ido rufe, kolumbait, wanda ake fitar da niyobiyam daga cikinsa don ƙarfafa ƙarfe. Ya ce kasuwa ta mutu a hannunsu, kuma haka ne, a 1985 farashin kuza ya rushe a duniya. Na ƙara musu da cewa tun kafin Bature ya zo, maƙeran garin Liruwe suna narka kuza suna zuba ta siri-siri kamar tsinke ana fatauci da ita, kuma a wajen haƙar kuza ne aka tono gumakan yumɓun Nok, waɗanda saboda irinsu aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Mutum biyu ne kawai a cikinsu suka taɓa shiga gidan.

Na ba Kawu kuɗin mota ya ƙi karɓa, ya ce in sayo masa goro. Wannan ba daga kuɗin aiki ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Lissafin mol, wato ma'aunin da ake ƙidaya yawan ƙwayoyin sinadari da shi, wanda shi ne ke kashe musu gwiwa a aji. Na sayi sodar yin burodi ta 1,500. Littafi ya ce idan aka gasa ta tana rabuwa, ruwa da iskar kabon-dayoksaid su tashi, sodar wanki ta rage, kuma daga giram 168 za a samu 106. Na sa su lissafa tun kafin a kunna wuta: in mun sa 84, nawa zai rage? 53. Na sa aka rubuta a bango da gawayi.

Muka auna 84 a busasshiyar tukunya, muka ɗora a risho muna juyawa. Garin ya dinga motsi yana huda ƙananan ramuka kamar tuwo na shirin nuna, alhali babu ɗigon ruwa a ciki. Da ya lafa muka sauke, ya huce, muka auna: 57. Muka mayar wuta minti goma: 54. Muka sake: 54. Giram ɗaya tsakaninmu da bango, sikelin kuma ba ya ganin abin da bai kai giram ba. Wanda ya yi maganar sukari ranar farko ya daɗe yana kallon bangon, ya ce, “Malam, wato lissafin ya riga wutar sani.”

Na adana garin a kwalba mai murfi. Kwano da gwangwanin da muka karce: layin gwangwani ya yi ja, na kwano ko alama.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin ta hanyar lantarki. Na fere fensir biyu ta kai da gindi, na haɗa da batir mai bolt 9, na tsoma a kofi. Ruwa zalla ba ya ɗaukar lantarki sosai, sai na yi abin da ya fi sauƙi na zuba gishiri. Kumfa ta taso da kyau. Minti kaɗan wata yarinya ta toshe hanci ta ce zaure yana warin bilicin wanki. Na cire waya nan da nan na kori kowa waje. Kulorin ce. Gishiri sodiyam ne da kulorin, kuma a ruwan gishiri mai kauri ita ke fita a sandar da ake jiran oksijin. Kaɗan ce, babu wanda ya ko yi tari, amma zauren taga ɗaya gare shi, kuma wannan ma yana cikin abin da nake koyarwa. Sau biyu ke nan abin da na sani a allo yana kuɓuce mini a tebur.

Bayan iska ta wuce muka koma tsakar gida, muka sa sodar wankin da muka gasa makon jiya a madadin gishiri. Muka kifa sirinji biyu cike da ruwan a kan fensiran, bakinsu a toshe. Batirin farko ya mutu, na biyu ya ja mu zuwa mililita 10 a ɓangaren haidirojin, 4 a na oksijin. Ya kamata ya zama 10 da 5, don haidirojin da ruwa ke bayarwa ninkin oksijin ne. Oksijin tana ɗan narkewa a ruwa, wata kuma tana cin bakin fensirin, ga ruwan ma ya yi baƙi-baƙi a wajen. Na kusantar da ashana bakin sirinjin haidirojin ta yi “fat”, aka ce a sake, na ce babu batir. Biyu 2,400. Saura 8,400.

Laraba, 3 ga Disamba

Sanyi ya sauka sosai. Na narka alif na 1,000 a ruwan zafi har ya ƙi karɓa, na tace a kwalba, na rataya zare don ƙwayar alif ta kama ta girma a jikinsa, na ajiye a tagar zaure.

Alhamis, 4 ga Disamba

Na so ƙwaya ɗaya babba. Na samu gindin kwalba cike da tsaki-tsaki kamar sukari, zaren ma ya yi gemu. Sanyin dare ya huce da ruwan da gaggawa, ga ƙurar hunturu ta faɗa ciki, kowace ƙura ta zama wurin da ƙwaya za ta kama. Ban zubar ba. Na raba: na bar rabin tsakin a faranti, sauran na sake narkawa, na rufe bakin kwalbar da takarda, na sa ta cikin kular abincin maiɗakina tare da gorar ruwan zafi, na lulluɓe da bargo. Ta ce kular ta dawo kafin Juma'a.

Asabar, 6 ga Disamba

Kula ta yi aiki. Ƙwayoyi shida manya, babbar ta kai ƙwayar gyaɗa, garau kamar gilashi, siffarta kamar dala biyu da aka haɗa gindi da gindi.

Na ajiye su kusa da farantin tsaki. Sannan na ciro duwatsu biyu: guntun giranit da na fasa a bayan unguwa, da wani baƙin dutse mai huji-huji da abokin aikina ɗan Mangu ya kawo mini daga wajen Kerang, inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suke. Ban ce komai ba sai “ku haɗa kowanne da ɗan'uwansa.” Ba su ɓata lokaci ba. Giranit ƙwayoyinsa manya ne, ido na ganinsu: kwaz mai kamar ƙanƙara, felsfa mai ruwan hoda, maika baƙa mai walƙiya da ke ɓarewa da farce. Narkakken dutse ne da ya huce a hankali a can ƙarƙashin ƙasa, cikin kularsa, sama da shekara miliyan 150 da suka wuce, sai zaizaya ta yaye abin da ke kansa. Baƙin kuwa, basalt, waje aka amayo shi ya daskare a sarari, ƙwayoyinsa ba su samu sukunin girma ba, hujin kuma gurbin iskar da ta tsere ne. Kuzar Kawu daga jikin irin giranit ɗin nan ruwa ya wanko ta ya tara a kwari.

Da gwajin ya yi kyau tun daren farko, da ba ni da farantin tsakin da zan nuna.

Asabar, 13 ga Disamba

Fita. Na yi shatar ƙaramar bas 18,000 zuwa wani tsohon kududdufin haƙar kuza a wajen Refil. Iyaye bakwai sun ba da dubu-dubu. Wani uba ya hana 'yarsa, ya ce ruwan nan yana cin mutane. Ban yi musu da shi ba, gaskiya ya faɗa: ramuka ne masu zurfi da gaɓa mai santsi. Na ce masa, “Alhaji, za mu kawo mata nata dutsen.” Ɗaya kuma zazzaɓi. Ƙanwata ta raka mu saboda 'yan matan, na ja layi a ƙasa taku ashirin daga ruwa na ce duk wanda ya tsallaka a bas zai ƙarasa ranar.

Abin da na fi so su gani bangon ramin ne, inda ƙasa ta nuna cikinta hawa-hawa: jar marmara a sama, mai tauri, jan nan kuma tsatsa ce irin ta kwalbarmu, ƙasa da ita farar ƙasa mai laushi, wadda felsfa ce da ruwan sama ya ruɓar a tsawon zamani, kwaz kuwa ya ƙi ruɓewa, shi ne yashin da muke takawa. Daga nesa mun hango masu loto, wato masu haƙar kuza da hannu, suna jan guga daga rami, ban bari an matsa ba.

Na hana ɗibar baƙin yashin da ke jibge a gefe. Ragowar wankin kuza a Filato yana ɗauke da monazait, wani ma'adini mai sinadarin toriyam, wanda ke fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan. Ba abin kwana da shi a ɗaki ba ne. Na Kawu ma na mayar da shi kwalba mai murfi, kuma kowa ya wanke hannu kafin a ci burodi.

Aljihuna ya fitar da 11,000. Na haura kasafi da 3,600.

Asabar, 20 ga Disamba

Haɗa akwati. Kwalin ƙwai na takarda guda biyu, kowane gurbi dutse ɗaya, da lamba a jikinsa da farin fenti. Mun gwada taurinsu da ma'aunin Mohs, mai ba kowane dutse lamba gwargwadon taurinsa, amma irin na talaka: farce 2.5, gilashin kwalba wajen 5.5, kwaz 7. Farar ƙasa farce ya karce ta, kwaz ya karce kwalba.

Gwajin asid bai ba mu komai ba, babu dutsen da ya yi kumfa da lemun tsami, don babu farar ƙasar siminti a tsakaninsu. Irin wannan sai wurare kamar Ashaka a Gombe. Na sa allin makaranta ina jiran kumfa, shi ma shiru, na jifsam ne, ma'adinin da ba ya kumfa da asid. Ɓawon ƙwai ne ya fitar da mu.

Guda goma sha ɗaya sun samu suna. Uku na sa musu alamar tambaya, musamman wani mai zane-zane fari da baƙi da nake zaton zafi da matsi ne suka sauya shi. Zan nemi wani a sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Jos ya duba mini bayan hutu.

Litinin, 22 ga Disamba

Hutu har sati na biyu na Janairu. Abin da ke gaba shi ne taitireshan irin na WAEC, wato auna ƙarfin asid ko alkali ta ɗiga ɗaya cikin ɗaya har launi ya canza, kuma sirinji ba zai maye gurbin biret, bututun awo mai famfo, ba har abada. Na tambaya, kuɗinta da na fifet, bututun ɗibar ruwa daidai awo, ya fi ƙarfina a wannan watan. Za mu fara da sirinji da zoɓo da sodar wankin da ta rage, in albashi ya shigo a ga abin da hali zai yi. Ina bin kemis tabarau na kariya guda uku da ya yi alkawarin nemo mini, bayan abin kulorin ba zan sake kunna komai babu su ba.

Yara huɗu daga layin baya sun zo tambaya ko akwai wuri. Benci biyu ne, kuma malamin allo ya fara tambayar yaushe zan sayi nawa. Babbar ƙwayar alif tana rataye a sabon ruwa a bayan kabad, na auna ta da safe, giram 3.